Na Ciyar da Tumaki da Ganyen Shahidai

Mu biyu ne, ni da Kawu Idi, yayan mahaifiyata. Yadda muka bar ƙauyenmu na gefen Minjibir ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya ga shekarun farin nan ya san yadda ake barin gida. Damina biyu a jere gero yana kaiwa gwiwa ya tsaya, in ka je kasuwar Dawanau kuwa sai dai ka kalli buhu ka haɗiyi yawu ka wuce. Ni a lokacin ina da mata da 'ya ɗaya, ga ƙarfi ga baƙar zuciya, magana ɗaya biyu na hau sama. Kawu kuwa ya haura sittin. Ya taɓa zuwa Makka ta ƙasa yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, don haka Larabci ya zauna a bakinsa. Duk inda muka tsaya shi ke magana, ni ke ɗaukar kaya.

A Agadas muka hau wata akori-kura, a saman buhuna, an cusa mu har wasu ƙafafunsu na reto a waje. Ni da nake jin ana cewa hamada, zafi kawai na sani. Ba wanda ya gaya mini sanyin asubarta yana shiga har ɓargo. Kwana na uku Kawu ya fara tari. Na ce ya karɓi bargona, ya ce in rufe masa baki, shi da ya ƙetare hamadar gabas tun ba a haife ni ba.

Garin farko da muka sauka bayan iyaka babba ne, cike da baƙi irinmu. Kwana biyu da saukarmu wani ya same mu a bakin masallaci, ya yi mana sallama da Hausa tsantsa, irin ta Kano. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce shi ɗan Gezawa ne, ya dinga jero mana ƙauyuka da ranakun kasuwanninsu, ya saya mana shayi. Sannan ya ce takardunmu ba su da amfani a nan sai an buga musu hatimi, shi kuma ya san mai bugawa. Kawu ya dafe aljihunsa. Ni kuwa na ce, “Haba Kawu, ɗan gida ne fa.” Da hannuna na zaro su daga aljihun Kawu na miƙa masa. Kwana huɗu muna jiransa a bakin masallacin nan, bai dawo ba.

Na sami aikin ɗaukar bulo, Kawu yana tsare mana 'yan komatsai a wani kango da muke kwana mu da yawa. A nan na fara jin abin da mutanenmu ke kira shara. In wani babba zai zo gari, ko wata ranar gwamnati ta matso, sai a fito da motoci a kwashe duk baƙon da ba shi da takarda, a kai shi bakin iyaka tsakiyar rairayi, a nuna masa kudu da yatsa. Wani mutumin Damagaram da aka taɓa sharewa ya dawo, shi ya ba mu labari. Ya ce tafiyar yini da kwana ce a ƙafa kafin ka ga rijiya. Ya ce a nasu ayarin akwai wani dattijo da ya zauna, ya ce su yi gaba zai biyo su. Yana faɗa yana cin dabino, ko a jikinsa. Na waiwaya na dubi Kawu, lokacin yana ɓoye tsumman da yake tofa majina a ciki. Na riga na ga jinin tun kwanakin baya, ban dai nuna masa ba. Tun daga ranar na san in aka ɗora Kawu a motar shara, ba zai kai rijiyar nan ba.

Don haka muka bar garin. Wani direban motar dabino ya ɗauke mu zuwa arewa, bai nemi komai ba sai dai Kawu ya yi wa 'ya'yansa addu'a. Ya sauke mu a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, ba zan faɗi sunansa ba. Can muka faɗa hannun wani dattijo mai tumaki, Bilkasim, mutum mai ƙarancin magana, yatsu biyu na hannun damansa babu. Ya ba mu ɗakin ajiyar dusa a bayan gari, jikin garken. Ya ce ta bakin Kawu, “Kai ka yi kiwo, tsohon ya kwanta. Amma kada ka kuskura ka shiga tsakiyar gari, can ofishin jandarma yake.” Jandarma su ne 'yan sandansu, don haka na riƙe maganar nan gam. Wata uku na yi a garin ban san gabansa ba, bayansa kaɗai na sani.

Mutum ɗaya na saba da shi, mai gidan burodi, sunansa Amar, don ƙofar bayan gidan burodin tana kan hanyata. Kullum da sassafe in na koro tumaki zai leƙo ya miƙo mini burodi biyu masu zafi. Ya nuna ɗaya ya nuna ni, ya nuna ɗayan ya yi tarin wasa, wato na Kawu ne. Ta ƙofar ina hango masu saye, na lura ba mai tsayawa hira da shi, ban dai kawo komai a raina ba. Burodin yana da daɗi, amma ni ina ci ina tunanin koko da ƙosai, ina tunanin 'yata da na bari tana rarrafe, ko yanzu ta fara tafiya. Kewar gida ta dame ni sosai a watannin nan, wata rana a cikin duwatsu sai in kama kiran sunayen gonakin ƙauyenmu da ƙarfi, tumaki na kallona.

Ashe su ma farin bai bar su ba. Ƙasa ta yi fayau, tumaki har kwali suke ci. Tunkiya biyu suka mutu a hannuna cikin mako guda, wata ta yi ɓari. To mu a wajenmu ba a zuba wa dabba ido ta mutu alhali akwai ganye a sama. Gona ta haɗu da gona, ba dajin da za ka kai su, shi ya sa in rani ya yi tsanani harawa ta ƙare, gawo muke hawa da barandami. Tun ina ɗan shekara goma Baba ya koya mini. Rassan gefe ake ɗauka a bar kan, saran kuma a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. In ka yi shi daidai, bishiyar ta fi da kyau in ta sake tohowa.

Akwai wata doguwar katanga fara da nake bi ta bayanta kullum. Bishiyoyi ne a ciki jere-jere, kore shar, ganyensu kamar na ƙirya, rassa sun yi yawa har sun sarƙe sun zubo waje. Ba gida a ciki, ba gona, ban taɓa jin motsin mutum ba a lokutan da nake wucewa. Na leƙa ta wata tsaga ban ga kabari ko ɗaya ba, da na gani ko kusa ba zan je ba. Sai na ce a raina filin gwamnati ne, irin wanda ake shukawa a manta. Har haushi nake ji. Na ce mutanen nan ba su san darajar itace ba, sun bar shi yana shaƙe kansa ga dabbobi na mutuwa. Ban gaya wa Kawu ba, don na san abin da zai ce, in tambaya tukuna. Ni kuwa tambaya ba ta cikin ɗabi'ata.

Na ɗauki gatarin Bilkasim. Safiya uku a jere, da na idar da sallar asuba, nake hawa ta kan katangar, in sare in jefo waje. Ƙafata ba ta taɓa taka cikin filin ba. Bishiya shida na yi, na jikin katanga, aiki mai kyau irin wanda da Baba ya gani zai gyaɗa kai. Tumaki suka ci har da ɓawon. Ina kallonsu ina yaba wa kaina, na ce yau Bilkasim zai san Bakano ya ɗauka.

Rana ta huɗu Juma'a ce. Amar bai buɗe ƙofar baya ba. Da hantsi na fara jin wani kuka daga cikin gari, na mata, ba irin na mutuwar mutum ɗaya ba. Ina garke ina ba tumaki ruwa sai ga Bilkasim. Bai yi mini sallama ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani reshe da suka gwaigwaye, ya juya shi a hannunsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya shiga ɗakinmu ya zauna a kan buhun dusa. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa shi da Kawu.

Kawu ya kira ni. “Haladu, ina ka samo ganyen nan?”

Na ce, “Bayan farar katangar can. Ai gyara musu na yi, Kawu. Ka bari nan da wata biyu ka ga yadda za su toho.”

Ya ce, “Zauna.”

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, sai na zauna. Bilkasim yana faɗa, Kawu yana mayar mini da Hausa, yana tsayawa ya yi tari. Wai a yaƙin da suka yi da Turawan da suka mulke su, akwai mazan da aka zo da mota aka ɗauka daga garin nan, har yau ba a ga ko takalminsu ba. Ba gawa, ba jana'iza, ba kabari. Da yaƙi ya ƙare sai gari ya gina dogon ginshiƙi fari aka rubuta sunayensu, duk gidan da ba a ga nasu ba kuma ya dasa bishiya ɗaya, aka kafa allon ƙarfe mai sunan mutumin a gindinta. Kowace Juma'a mata ke zuwa su ba su ruwa, daga ruwan shansu, har a farin nan. Ba a tsinkar ko ganye ɗaya. Wanda ya bushe ya faɗo ma sharewa ake a binne a gindin. Ta ƙanin Bilkasim tana ciki. Yatsunsa ma a yaƙin ya baro su.

Na yunƙura zan tashi.

Kawu ya ce, “Bai gama ba. Saura kwana takwas ranar da suke tunawa da su, manya za su zo da sojoji. Kuma gari ya riga ya yanke wanda ya yi.”

“Wa?”

“Mai burodinka.”

Wai ana cewa uban Amar ne ya nuna wa Turawa gidajen da aka shiga. Uban ya daɗe da mutuwa, Amar ma yana goye aka yi abin, amma garin bai manta ba. Bilkasim ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ba zan kai ku wajen jandarma ba, kun ci abincina. Amma in aka tambaye ni ba zan yi rantsuwar ƙarya ba.” Ya fita da reshen a hannunsa.

Kawu ya ce, “Tashi ka je ka faɗa.”

Na ce, “In na faɗa motar shara ce, da ni da kai. Ni zan iya tafiyar. Kai fa?”

“To sai a hallaka bawan Allah saboda tarina?”

“Ba abin da za su yi masa. Fushi ne, za su yi su huce.”

Ya dube ni ya ce, “Kai da wuri kake hucewa in ka yi fushi?”

Na fita na bar masa ɗakin. Na tattara itatuwan nan kaf na haƙa rami a bayan garke na binne, na bi da taki a kai. Na wanke gatarin har sau biyu, sai ka ce jini ne a jikinsa.

Washegari na ga an shafa baƙin fenti a ƙofar bayan gidan burodi. Kwana biyu bayan nan hayaƙi ya daina tashi daga murhun. Wasu samari suka fara zama a kan duwatsun da ke fuskantar ƙofar, ba hira suke ba, zama kawai. Motar jandarma ta fara biyowa ta bayan gari a hankali, da ba ta biyowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa tumakin ne. Sun gane wurin. Da mun iso bayan farar katangar sai su ja su tsaya daidai bishiyoyin nan shida, su ɗaga kai suna kuka, suna jiran in hau. In yi ta dukansu ina zagi da Hausa, su ƙi motsawa. Ranar nan na ɗaga ido na ga ɗaya daga cikin samarin yana kallona daga nesa, ya kalli tumakin, ya sake kallona. Na kora su da ƙyar muka wuce.

Kawu ya daina yi mini maganar. Sai dai in na shigo ya bi ni da ido, in na miƙa masa ruwa ya karɓa ya ce na gode, kamar baƙo. Wannan ya fi zagi ciwo.

Kwana biyar bayan Juma'ar nan ina wucewa sai ƙofar baya ta buɗe kaɗan. Amar ne, an naɗe masa kai da tsumma, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ya miƙo mini burodi biyu, busassu, na kwanaki. Ya nuna ɗaya ya nuna ni. Ya nuna ɗayan, ya yi ƙoƙarin tarin wasan nan, sai ya dafe haƙarƙarinsa. Na karɓa. Allah ya sani na karɓa, har na ce masa na gode. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba, na ji na tsani hannun da ya karɓa. Na kai tumaki cikin duwatsu na zauna da burodin a cinyata har azahar.

Da na dawo na tarar da Bilkasim a ɗakinmu. Kawu ya ce, “Amar ya tura matarsa da yaransa ƙauye. An ga samarin da jarkar fetur. Suna so su gama kafin manyan baƙi su zo.”

Na ajiye burodin a gaban Kawu na ce, “Zan je.”

Ya ce, “Da wane bakin? Ɗauko mini takalmina.”

Bilkasim ya ce ba ofishin jandarma za mu fara zuwa ba, wajen Yamina za mu, tsohuwar da bishiya ta uku cikin shidan da na sara ta ɗanta ce, shi kaɗai ta haifa. Muka ɗora Kawu a jakin Bilkasim. A ranar na fara ganin gaban garin. Ga ginshiƙin an sake masa farin fenti, sunaye tun daga sama har ƙasa, ana ɗaura tutoci a jikin ƙofar filin. Da muka shiga na hango aikina. Mata sun hau tsani sun naɗe duk inda na sara da farin ƙyalle, kowane dungu da nasa, yadda ake ɗaure ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tana zaune a gindin ta uku, 'yar ƙaramar tsohuwa, da butar ruwa a gefenta, rana na dukanta. Na durƙusa. Na faɗa da Hausa, Kawu yana juya mata da Larabci daga kan jaki. Ba ta dube ni ba har na gama.

Ta ce, “Me ya sa?”

Na ce, “Tumaki ne suke mutuwa.”

“Sun ci?”

“Sun ci.”

“Sun rayu?”

“Sun rayu.”

Ta ɗaga kai ta kalli ƙyallayen. Ta ce, “Tun ranar farko na ce musu wannan ba saran ƙiyayya ba ne. Mai ƙiyayya daga gindi yake sarewa. Suka ce baƙin ciki ne ya ruɗa ni, don suna so ya zama Amar.” Har na fara jin sanyi a raina, sai ta juyo ta dube ni. “Kada ka ɗauka na yafe maka. Inuwar nan ce ta rage mini, a cikinta nake zama da shi. Ka kwashe ta ka ba dabba. Ban yafe ba.”

Kawu yana cikin juya mini maganar tari ya sarƙe shi. Bai sami ɓoye tsumman ba, ta ga abin da ke jiki. Ta tambayi Bilkasim me za a yi mana. Ya ba ta amsa a taƙaice, na tsinci kalmar mota a ciki. Ta maimaita kalmar a hankali. Sai ta yi magana mai tsawo, tana nuna wani gida da ke fuskantar filin. Kawu ya ƙi juya mini.

Na ce, “Kawu, me ta ce?”

Da ƙyar ya ce, “Wai tana tsaye a ƙofar can aka ɗora nata a mota, ranar ma zazzaɓi yake. Wai kai ka tafi, kai ka yi. Ni kuwa a kai ni gidanta, ta ga wanda zai shiga gidan uwar shahidi ya fito da mutum.” Ya goge bakinsa. “Ba zan zauna ba. Tare muka fito.”

Na ce, “Kawu, tun da muka bar gida nake bin maganarka. Yau ɗaya ka bi tawa.”

Ya ce, “Yaushe ka taɓa bin maganata, ɗan nema?”

Amma da Bilkasim ya ja jakin, bai hana ba. Ya dafa kaina da zai wuce, hannunsa zafi rau. Ko sallamar kirki ba mu yi ba, don na ɗauka zan sake ganinsa kafin a tafi da ni.

Bayan la'asar Bilkasim ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a cewa ni na sare bishiyoyin. Na sha mari da naushi, wani ya fasa mini leɓe, kafin dattawa su shiga tsakani. Ban rama ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale. Aka miƙa ni ga jandarma. A ɗakin da suka kulle ni na tarar da wasu baƙin da shara ta riga ta kwaso daga gonakin kewaye. Aka kawo wani Buzu mai jin Hausa ya tambaye ni ko ni kaɗai ne. Na ce ni kaɗai ne. Ya dube ni, ya juya musu haka. Kwana uku ina sauraren ƙofa, duk buɗewar da za a yi sai in ce Kawu ne aka kawo. Mutane da yawa sun gan shi a kan jaki ranar nan, mutum ɗaya ya isa ya yi magana.

Sun so su fitar da mu kafin manyan baƙi su iso, amma motar ta ƙi tashi sai da hantsi ya yi. Hanyar fita kuma ta gaban filin take. Muna isowa daidai wurin sai aka busa jiniya. Direba ya taka birki ya kashe mota, jandarmomin da ke gaba suka diro suka ƙame. Ashe al'adarsu ce, in aka busa ta komai tsayawa yake, ba mai magana ba mai motsi. Gari guda yana tsaye, sojoji a jere, an sauke tuta zuwa rabi, ga furanni an ɗaure su kamar gammo an jingine a gindin ginshiƙin. Ban taɓa jin shirun mutane masu yawa haka ba.

Ta tsakanin katakon motar na hango ƙofar Yamina. An fito wa tsofaffi da kujeru. Tana zaune, a gefenta wani dattijo cikin alkyabbar ulu mai ruwan ƙasa, ta yi masa yawa a kafaɗa, an ja hular ta rufe masa goshi. Da ba don yadda yake dafe ƙirji ba, da ni ma ban gane shi ba. Can bayan taro kuma ga Amar a tsaye shi kaɗai, da tsummansa a ka.

Kawu ya gan ni. Na san ya gan ni, don ya ɗan gyara zama. Akwai jandarma ɗaya da aka bari a cikinmu, kafaɗarsa na gogar tawa. In na ɗaga hannu zai bi hannun da ido ya ga wanda nake ɗaga wa. Sai na kawar da kai na kafa wa ginshiƙin ido, hawaye na zuba a kan leɓen da aka fasa, ina jin zafin gishirinsa.

Aka busa bigila, shirun ya ƙare. Liman ya matso gaban ginshiƙin ya ce a yi Fatiha. Gari duka ya ɗaga hannu, har jandarman da ke gefena. Sai na ɗaga nawa, na juyo. Kawu ma ya ɗaga nasa, amma ba ginshiƙin yake fuskanta ba, motar yake fuskanta. Ina ganin leɓunansa na motsi. Muka karanta tare, muka shafa tare, direba ya tayar da mota.

Ban sake ganinsa ba, wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba, ban kuma haɗu da wanda ya bi ta garin ba. Abin da na sani kaɗai, da ransa na baro shi, a zaune a kan kujera, ba a bayan mota ba.